Dutsen Murhun Khala Lemlem

"Khala Lemlem, ajiye dutsen nan kafin ya karya miki kafaɗa."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta gyara masa zama a gefen wuyanta, ta ja farin mayafinta ta rufe kai. Ɗaya ne daga cikin duwatsu ukun murhunta, baƙi ƙirin da hayaƙi, toka na zubo mata a kan riga.

"Kai ni wurin Ammar," ta ce.

Wata takwas ke nan babu wanda ya kama sunan nan a gabana, har ƙawayena masu bakin da ba ya rufuwa.

"Ban san inda yake ba."

"Kin sani, ya bitti, 'yata. Kin san garejin, kin san ƙofarsa."

"To ba zan je ba."

"Ma'alesh, ba komai. Zan yi ta tambaya. Tsohuwa da dutse a wuya ba za ta rasa mai nuna mata hanya ba."

Ta sa kai ta fice, ta bar ni tsaye a gaban gutiyyarta, ɗakin ciyawar da take haya a bayan katangarmu.

Ni Raniya, mai lalle ce. Mu Hausawan Gadarif ne. Kakana ya taso daga Haɗeja da niyyar Makka, ya yada zango a nan, ya ga yadda baƙar ƙasar nan take ba da dawa, ya ce aikin hajji ya jira baɗi. Har ya koma ga Allah baɗin ba ta zo ba. Babana ya gaji gonar, can bayan wani khor, irin rafin da ba ya kawo ruwa sai da damina.

Khala Lemlem kuwa 'yar Habasha ce, Kirista; Khala muke ce mata, kamar a ce gwaggo. Yaƙi ya koro ta daga Humera ita da ɗanta guda, Tesfay. Tana sayar da jabana, wato gahawa, a bakin kasuwar amfanin gona, shi kuma yana ƙwadago a gonakin mutane. Da Larabci muke magana, nata a karye, ta riƙa tsoma 'yar Hausar da ta tsinta a unguwa.

Ammar shi ne mutumin da saura wata biyu a ɗaura mana aure.

Direban tarakta ne, aminin yayana Daudu. A watan Agusta suka yi mako uku a gonar Baba suna noman ciyawa. Ranar da suka gama an sha ruwa, khor ya cika. Kowa ya ce a kwana a jira ya janye. Ammar ya ce zai iya, ya ja tirela da mutum goma sha ɗaya a ciki ya shiga. Tirelar ta kife a tsakiya. Tara suka fita. Daudu da Tesfay sai washegari aka same su, nesa da juna, a cikin laka.

Dattawa sun zauna, Ammar ya ce laifinsa ne shi kaɗai, bai ƙara kalma ba. Baba ya ce ƙaddara ce, da baki. Inna kuwa ta tattara kayan aurena ta sa aka mayar musu, ta ce in har tana numfashi mai jinin ɗanta a hannu ba zai taka mata zaure ba. Ni ban musa ba. Na toshe lambarsa, na ci gaba da zana wa amaren wasu furanni a hannu, ina dawowa gida ina kuka.

Na tsane shi. Kuma ban daina sonsa ba ko na yini ɗaya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Na iske Khala Lemlem a kusa da famfon unguwa, tana tafe tana haki. Rana ta Afrilu, a kan tsohuwar da ta kwashe kwana hamsin da 'yan kai tana azumin da suke yi kafin idinsu na Fasika.

"Ko raksha mu hau," na ce, ina nuna wani keke mai ƙafa uku.

"Ba a hawa da shi. Da ƙafa ake zuwa."

"Wai meye wannan ɗin?"

"A ƙasarmu, in ka yi wa mutum laifi, ka ɗauki dutse a wuya ka je ka durƙusa a gabansa. In ya yafe, shi zai sauke maka da hannunsa. In bai yafe ba, ka koma da abinka."

Na tsaya cak a tsakiyar hanya.

"To ai shi ne mai laifin. Shi ya kamata ya zo miki da dutse, da dutsen niƙa ma."

"Nasa laifin nasa ne. Ni nawa na ɗauko."

"Wane laifi kika yi, ke da aka kashe wa ɗa?"

Ta sauya wa dutsen kafaɗa. Na ga inda ya kwanta ya yi ja.

"Ba kya asibiti ranar. Da suka buɗe mini fuskar Tesfay, na fito na ga Ammar a zaune a ƙasa. Na ɗebi ƙasa na watsa masa. Na ce Allah ya hana shi riƙe ɗa nasa a hannu har ya mutu." Ta dube ni. "'Ya'yanki na zaga, ya bitti, tun ba a haife su ba."

Na ce, "Ai rama cuta ga macuci ibada ne."

"A wurin wa?"

Ta ɗaga ƙafa, na bi ta.

"Akwai addu'ar da nake yi kowace safiya tun ina yarinya," ta ci gaba. "A cikinta muna roƙon Allah ya yafe mana daidai yadda muke yafe wa mutane. Wata takwas, da na zo wurin nan sai in tsallake, kamar mai tsallake kwata. Kuma ban karɓi gurasar da ake ba mu a coci ba, don an hana mu zuwa da gaba a zuci. An ce in ka kawo baikonka, wato sadakarka, gaban Allah, ka tuna akwai wanda ke riƙe da kai, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Da na gaya wa ƙasis ɗinmu, limamin cocinmu, ina tsallakewa, sai ya ce, Lemlem, wa kike yi wa wayo?"

"Shi ya ce ki ɗauki dutse?"

"A'a. Shi dai ya ce Fasika ranar Lahadi ce. Yau Alhamis."

Garejin yana can bayan rumbunan hatsi. Tun daga ranar khor Ammar bai sake riƙe sitiyari ba, gyaran tarakta ya koma. Muka same shi kwance a ƙarƙashin wata, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Ko da ƙafafun na gane shi.

Ya fito yana goge hannu. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, rigar da na taɓa ɗinke masa maɓallinta tana yawo a jikinsa. Idonsa ya faɗa a kaina, ya ɗauke da sauri. Sai ya ga Khala Lemlem tana durƙusawa a cikin baƙin mai da ƙura.

"Khala... Khala, don Allah me kike yi?"

"Na zo neman afuwa. Bakin da na yi maka, na janye shi a gaban Allah da gaban mutanen nan. Ka yafe mini."

Makanikai suka ajiye kayan aiki. Masu dakon buhuna suka taru a bakin ƙofa.

"Ni? Ni zan yafe miki?" Muryarsa ta karye. "Ni na kashe miki ɗa."

"Na sani. Ina wurin da aka wanke shi."

"Ban cancanta ba, Khala."

"Ban tambaye ka cancanta ba. Sauke mini, ya waladi, ɗana, wuyana ciwo yake."

Wani dattijon Bahabashe daga cikin masu dako ya yi masa bayani da Larabci. Ammar ya sa hannu biyu ya ɗauke dutsen. Maimakon ya ajiye, sai ya ɗora a nasa wuyan ya zube a gabanta, goshinsa a ƙasa. Kukan da ya yi ban taɓa jin namiji ya yi irinsa ba.

Khala Lemlem ta daɗe tana kallon bayan kansa. Na ga leɓenta na motsi da harshensu. Sannan ta ɗauke dutsen ta ajiye a gefe.

"Abin da ka yi ba ƙarami ba ne," ta ce. "An ce ka jira, ba ka jira ba. Ba zan ce ba komai ba, don ƙarya ce. Amma na yafe maka jinin Tesfay. Ba na binka shi a nan, ba zan bi ka shi a can ba. Tashi."

Da muka juya za mu fita, ya kira ni a hankali.

"Raniya..."

Na tsaya, ban waiwaya ba.

"Jibi Asabar zan koma Fau wurin kawuna. Ba zan dawo ba. Na ga ya kamata ki ji daga bakina."

"Allah ya kiyaye hanya."

"Shi ke nan, habibti?"

"Kada ka sake kirana da wannan."

Na fita da sauri kafin ya ga fuskata. Khala Lemlem ta biyo ni da dutsenta a hannu, wai tukunya ba ta zama a kan biyu.

La'asar ta yi kafin ta buɗe baki. Ta mayar da dutsen mazauninsa, ta soya gahawa, ta daka, ta zuba mana a ƙananan kofuna. Na zuba mata ido ina neman inda fuskarta ta sauya. Ban gani ba.

"Yanzu ya wuce?" na tambaya. "Kin ji sanyi?"

"Na ji yunwa."

"Khala, da gaske nake."

"Ni ma. Kina zaton gobe in na ga takalmin Tesfay a bayan ƙofa ba zan so in shaƙe yaron nan ba? Zan so. Sai in sake yafewa. An taɓa tambayar Almasihu sau nawa ake yafe wa mutum, ya faɗi adadin da ba mai iya tsayawa yana ƙirgawa. Da ina yarinya na ɗauka laifi ɗari-ɗari ake nufi. Yanzu na gane laifi ɗaya ma ya isa ya cinye adadin."

"To meye amfaninsa, in ciwon yana nan?"

"Ciwon nawa ne, da shi za a binne ni. Wuƙar ce na ajiye." Ta kurɓi jabana. "Mu a wurinmu, an yafe mana tun ba mu roƙa ba, shi ya sa ba a yarda mu jira sai an roƙe mu ba. Ku a littafinku babu yafiya?"

"Akwai. Baba ma yakan ce wanda ya yafe ladansa na wurin Allah."

"To."

Nan ne abin da na binne wata takwas ya taso mini.

Akwai 'yar ƙanwar Inna, Hanadi, da yaƙi ya koro su daga Madani suka sauka a gidanmu. Kyakkyawa ce, ba zan hana ta ba, kuma tun ranar da ta fara ganin Ammar take gyara zaman tob ɗinta, mayafin da mata ke naɗawa a nan, in ya yi sallama. Ranar da suka gama noman ciyawa ta yi ta zolayata, wai samarin birni ba sa barin budurwa mako uku, wai ko dai ya samu wata mai shayi a can. Na hau dokin zuciya. Na ɗauki waya a gabanta na tura masa saƙon murya. Na ce in rana ta faɗi bai zo ba, kada ya sake zuwa. Har da dariya a ƙarshe, don wasa nake, rabi.

Ya ji saƙon. Ya shiga ruwan.

A gaban dattawa bai faɗa ba. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Hanadi ce kaɗai ta sani, kuma bayan arba'in ta raɗa mini cewa duk ranar da na koma masa, Baba zai ji wanda ya kira Ammar cikin khor. Ita kuma ta shiga kai masa abinci gareji a ɓoye, wai don Allah.

Na gaya wa Khala Lemlem duka, kaina a ƙasa. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Wata takwas ina tsaye a kan nawa ina hangen na Ammar.

Ta ajiye kofinta, ta tashi, ta shiga gutiyya ta saki labule.

Na zauna har garwashi ya mutu. Ina jin sheshsheƙarta daga ciki, tana kiran sunan ɗanta. Na so in gudu, amma ban tashi ba. Matar nan ta ba ni abinci da hannunta ranar da na kasa ci, ni kuwa ina zaune a tabarmarta da wannan a cikina.

Da ta fito idanunta sun kumbura.

"Na zaci na gama aikin yau," ta ce. "Kin ƙaro mini."

"Khala, ki yi mini duk abin da kika ga dama."

"Abin da na ga dama ba shi da kyau, gara kada in yi." Ta zauna da ƙyar. "Saboda wasan yara... ɗana, saboda wasan yara."

"Ki yafe mini."

Ta share idonta da gefen mayafi.

"Zuciyata ba ta iso ba tukuna. Amma bakina zai yi gaba, ita ta biyo. Na yafe miki, Raniya."

Na kifa kaina a cinyarta. Ba ta rungume ni ba, ta dai ɗora tafin hannunta a bayana ta bar shi a nan.

"Saura babanki," ta ce.

"Zai tsine mini."

"Wataƙila. Amma yaron can yana ɗauke da naki da nasa. Ya isa haka."

Kafin Juma'a ta yi labarin gareji ya zaga unguwa, har an ƙara masa gishiri, wasu na cewa dutsen ya kai buhun dawa nauyi. Hanadi ta tare ni a madafa.

"An ce an gan ki a gareji."

"An gani daidai."

"Kin manta abin da na ce?"

"Ban manta ba. Huta, ya ukhti, 'yar'uwa, zan kai saƙon da kaina."

Baba ya dawo daga masallaci yana zaune a rumfa, Inna na tsince wake a gefensa. Na durƙusa. Tun rasuwar Daudu, Baba ya zama mutum mai kalma biyar a yini, sunan ɗansa kuwa bai sake fita daga bakinsa ba.

Na faɗa musu. Ban rage komai ba, sai dai ban sa sunan Hanadi ba, duk da harshena ya yi ƙaiƙayi.

Tiren waken ya suɓuce daga hannun Inna.

"Ke? Ke kika kira shi?"

"Ni ce, Inna."

"Kuma kika zauna kina kallona ina kuka wata takwas?" Ta miƙe. "Wa ya sa ki wannan tonon yanzu? Waccan Bahabashiyar? Kirista ce za ta koya mana addininmu?"

"Zauna, Asha," Baba ya ce.

"Ba zan zauna ba. Ko ita ta kira shi, shi ya riƙe sitiyari."

"Haka ne. Shi ya riƙe." Baba ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. "Matar nan ba ta kawo mana sabon abu ba. Riga mu aikatawa ta yi."

Sai ya ce, yana kallon ƙasa:

"Daudu bai so zuwa gonar nan ba."

Na ɗago kai. Inna ma ta tsaya.

"Zazzaɓi yake ji. Ya ce in bari sai wani mako. Na ce masa rago, na ce a shekarunsa ni da zazzaɓi nake yankan riɗi. Ya ɗauki jakarsa ya fita bai ce komai ba. Kalmar ƙarshe da ɗana ya ji daga bakina ke nan. Rago." Hawaye ya gangaro ya shige gemunsa. "Daudu ya iya ruwa tun yana ɗan shekara bakwai. Da da ƙarfinsa, da ya fita."

Baba ya share gemunsa da tafin hannu.

"Kowa a gidan nan da ɗan kasonsa," Baba ya ce. "Muka tattara muka ɗora wa yaro ɗaya, don shi kaɗai ya sunkuya ya karɓa. Na yafe miki, Raniya. Ki roƙa mini Allah ni ma."

Inna ta shige ɗaki ta banko ƙofa.

"Har yanzu kina son sa?" Baba ya tambaya.

Kunya ta rufe ni. Na ja gefen tob na rufe fuska.

"Na ji amsar. Yaushe zai tafi?"

"Gobe da safe."

"To ki je da Lemlem. Ki ce ina nemansa."

Khala Lemlem ba ta bi ni ba. Ta ce ta yi nata tafiyar, gwiwoyinta kuma sun ƙare a sujadar da suka yini suna yi a coci ranar Juma'a. Ni kaɗai na hau raksha zuwa tasha, ina yi wa mai raksha faɗa wai ba ya sauri.

Na same shi a jikin motar Fau, jaka ɗaya a ƙafarsa. Ana ta ɗaura kaya a sama.

"Ammar."

Ya juyo. Ya dubi bayana ko da wani, ya ga ni kaɗai ce.

"Lafiya?"

"Me ya sa ba ka faɗa musu ba?"

Ya gane nan take.

"Me zan faɗa? Ke magana kika yi. Ni na ga ruwan da idona, na shiga."

"Da ka faɗa, da an raba mana."

"Shi ya sa ban faɗa ba."

Na ji haushinsa ya taso mini.

"Ka san shirun nan naka ya fi komai ƙona ni? Kullum in na tuna ka rufa mini asiri sai in ƙara tsanarka, don ban san inda zan kai kunyata ba."

"Ki yi haƙuri."

"Daina ba ni haƙuri. Na gaya wa Baba. Na gaya wa Khala Lemlem."

Ya dafa motar.

"Raniya... me kika yi?"

"Na karɓi nawa. Naka kuma..." Na dubi idonsa. "Yayana ne, Ammar. Shi ya koya mini rubuta sunana. Ba zan taɓa wuce khor ɗin nan ban tuna kai ka shiga da shi ba."

"Na sani."

"Amma na yafe maka. Kai ma ka yafe mini."

"Ban taɓa riƙe ki ba, ko na minti ɗaya."

"To riƙe ni yanzu, ka yafe, don in san an yi."

Ya yi wata 'yar dariya da hawaye a ido, ta farko da na gani a wata takwas.

"Na yafe miki, habibti."

Wannan karon ban hana shi ba.

Kwandasta ya buga jikin mota yana kiran mai kujerar taga.

"Baba na nemanka," na ce.

"Innarki fa?"

"Inna ba ta yafe ba."

Ya dubi motar, ya dube ni. Ya sunkuya ya ɗauki jakarsa.

"Tana da gaskiya," ya ce. "Zan jira."

An ɗaura aurenmu bayan an yanke riɗi, ba kiɗa, ba taro, mutum ashirin a zauren Baba. Ni na yi wa kaina lalle, hannun dama ya fito a karkace. Khala Lemlem ta dafa jabanar biki, ta yi dariya, ta kuma ɓuya a bayan rumfa ta yi kukanta, don Tesfay ma ya isa aure. Hanadi sun koma wurin danginsu a Kassala. Ita kam har yanzu ina kan aikin yafe mata, wata rana in ci, wata rana a cinye ni.

Inna ba ta fito ba ranar. Ta ce ba za ta hana abin da Baba ya yanke ba, amma kada a sa ta kallo.

Tun daga makon, kowace Juma'a bayan masallaci Ammar yakan je gidanmu. Ba ya wuce bakin ƙofar ɗakinta. Ya cire takalmi, ya durƙusa a rana, ya ce, "Inna, barka da Juma'a." Ba ta amsawa. Ya ɗan jima, ya tashi, ya dawo gida ya ci abincinsa. Na sha ce masa ya huta, ya ce ai ba nisa.

Mun fi shekara a haka.

Juma'ar da ta wuce na raka shi. Zafi ake yi mai tsanani, ƙasa duk ta tsattsage. Ya durƙusa, ya yi gaisuwarsa, shiru ya biyo baya kamar kullum. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya dafa ƙasa zai tashi, sai muka ji motsi a bayan labule.

"Raniya," Inna ta ce. "Kina tsaye kina kallonsa a rana? Ba shi ruwa mana."